Shukokin tankin kifina sun ƙi yin fure, me zan yi?

Wani ƙanena daga unguwar Nima ta Akara ya aiko da tambaya. Ya ce yana da tankin kifi na gilashi mai tsawon ƙafa biyu a ɗakinsa, yau shekara ɗaya da wata huɗu. A ciki akwai Anubias guda biyu, da Echinodorus ɗaya wadda masu sayarwa ke kira takobin Amazon, da wani bado mai jan ganye da ake kira taiga lotus, sai Java fan da ya ɗaure a jikin itace. Ganye kore shar, kifi lafiya lau, amma ko sau ɗaya bai ga fure ba. Tankin cike yake har baki, da murfinsa a rufe, kuma duk ganyen badon da ya nufi saman ruwa yanke shi yake yi don kada ya yi wa sauran inuwa. Yana so ya san ko akwai maganin da ake zubawa.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Wanda ya riƙe shukokin ruwa fiye da shekara a cikin zafin Nima ba su ruɓe ba, ya riga ya iya abu mafi wuya. Ba wani ruwan kwalba ne zai sa shukokinka su yi fure ba, kada kowa ya karɓe maka kuɗi a kan haka. Amsar tana cikin bayanin da ka yi da bakinka: ruwa har baki, murfi a rufe, almakashi a hannu. Abubuwan nan uku su ne suka tare wa furen hanya.

Shekara goma sha takwas ke nan ina kiwon kifin ado da shukokin ruwa a Madina ta Akara, kuma abin da na fi daɗewa kafin in gane shi ne, yawancin abin da muke kira shukar ruwa asalinsa shukar bakin rafi ce. Da damina rafi ya cika ya shanye ta, ta zauna a ƙarƙashin ruwa tana jira. Idan ruwa ya ja da baya, kanta ya fito sarari, a lokacin ne take fure, domin furen na ƙwari ne da iska. Ƙudan zuma ba ya nutso, garin da ke cikin fure kuma idan ya jiƙe ya lalace. Shi ya sa ko waɗanda suke rayuwarsu duka a cikin ruwa, yawancinsu sai sun miƙo kara sama sun ɗora furen a kan iska. Tankin da yake cike kullum, ruwansa ba ya hawa ba ya sauka, a wurin shuka damina ce da ta ƙi ƙarewa. Sai ta yi ta ganye tana ta 'ya'ya ta saiwa, ta ajiye maganar fure.

Bari in fara cire maka Java fan daga lissafi. Ba ya fure, ko a dajin Asiya inda ya fito. Danginsa ba su da fure sam, da wani gari suke yaɗuwa wanda ke taruwa a ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a bayan ganye, sannan ganyen da ya tsufa yakan fid da 'yan jarirai a jikinsa. Haka Bolbitis na rafukan Afirka, haka gansakukar ado da ake ɗaurawa a duwatsu. Ka bar shi yadda yake.

Badon nan shi ne zai fi saurin faranta maka rai, kuma shi ne ka fi takura wa. Sunansa a littafi Nymphaea lotus, ɗan Afirka ne, shi ne dai badon da ke rufe tafkuna da kududdufai a Arewa, wanda kakanninmu ke cin 'ya'yansa da saiwarsa. Mai jan ganyen nan wani launi ne nasa da masu tanki suka zaɓa. Ganye iri biyu yake yi: na ƙasa masu laushi da ja, waɗanda kake so, da na sama masu kauri da ke kwanciya a kan ruwa. Na saman nan su ne gonarsa. Su ke shan haske kai tsaye, su ke shaƙar iskar da yake haɗa abinci da ita, wadda a cikin ruwa kaɗan ce. Bado ba ya ɗaukar nauyin fure sai ya shimfiɗa na sama da yawa ya tara ƙarfi a gindinsa. Duk lokacin da ka yanke ɗaya, ka maida shi farkon layi.

Saboda haka ka ajiye almakashi. Ka bar ganye biyar ko shida su kwanta a sama. A nawa tankunan, daga ranar da na daina yanka zuwa ranar da na ga kan fure yana tasowa daga gindi, wata biyu zuwa uku ne. Sai dai ka san abin da za ka rasa: da zarar ya ɗanɗana sama, zai rage yin jajayen ganyen ƙasa, kuma a tanki mai ƙafa biyu na saman za su rufe kusan ko'ina. Anubias ba zai damu da inuwar ba, amma takobin Amazon zai damu. Da ni ne kai, zan ciro badon in dasa shi a tukunya, in nutsa tukunyar a cikin babban baho ko rabin durom na roba a tsakar gida inda rana ke bugawa awa huɗu ko biyar, in zuba 'yan kifin gupi su cinye tsutsar sauro. Na san tsakar gida a Nima ta jama'a ce kuma yara ba su da kaɗan, don haka idan za ka yi wannan, ka ɗora raga mai ƙarfi a bakinsa. Ƙaramin yaro da buɗaɗɗen ruwa ba abin sakaci ba ne. Idan hakan ba zai yiwu ba, ka bar shi a tankin ka kewaye ganyensa da zoben siririn tiyo mai yawo a kan ruwa, ya tsaya a gefe guda.

Yanzu Anubias, wanda nake ƙauna fiye da sauran. Mutane da yawa suna zaton daga Turai yake saboda a 'yar tukunyar roba ake shigo da shi, alhali ɗan gida ne. Duk danginsa daga dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suke. Wanda ya fi yawa a kasuwa, Anubias barteri, na kudancin Najeriya ne da Kamaru da tsibirin Biyoko, an kuma sa masa sunan Charles Barter, wani ɗan Ingila mai tattara tsirrai da ya bi ayarin Baikie zuwa kogin Kwara a 1857. Wani ɗan'uwansa, Anubias hastifolia, yana fitowa a nan Gana. Danginsu ɗaya da gwaza, wadda muke miyar kontomire da ganyenta, kuma idan ka taɓa ganin furen gwaza ka ga nasa: ɗan sanda fari a tsaye, da mayafi guda da ya naɗe shi.

Anubias yana cikin 'yan kaɗan da ke buɗe fure a ƙarƙashin ruwa, don haka ba murfi ne ya hana naka ba. Abu biyu nake zargi. Na farko, ka duba yadda ka dasa shi. Yana da wani kauri kore a kwance kamar citta, daga jikinsa ganye ke fitowa sama, saiwa ke sauka ƙasa. Wannan kaurin ba a binne shi. Idan tsakuwa ta rufe shi, ko dai ya ruɓe ko ya zauna yana fama da kansa. A ɗaure shi da zare a jikin dutse ko itace, saiwar ita za ta nemi hanyarta. Na biyu, taɓawa. Anubias ganye ɗaya yake fitarwa a mako uku ko wata guda, a hankali yake komai. Mai tankin da ke ɗaga shi duk ranar wanki, ko yana yanka kaurin gida biyu don ya ba aboki, ba zai ga fure ba. Wanda ya fara yi mini fure sai da ya shekara biyu a jikin dutse ɗaya ban motsa shi ba, kaurinsa ya kai tsawon tafin hannu, ganyensa sun haura goma sha biyar. Tun daga nan kuma bai fasa ba, duk shekara sai ya ba ni biyu ko uku.

Idan kana so ka gaggauta shi, ka ɗaga dutsen ko itacen sama, ka rage ruwan tankin da kamar santimita 8 zuwa 10, yadda saiwa da kaurin za su kasance a ruwa, ganyen sama kuma su leƙo waje. Haka yake zaune a bakin rafi a gida. A sarari girmansa ya fi sauri, ganyensa kuma ba ya kama gansakuka. Amma kada ka yi masa haka farat ɗaya. Ganyen da ya girma a ruwa bai saba da bushewa ba, ka riƙa rage ruwan kaɗan-kaɗan cikin mako biyu, kana fesa masa ruwa safe da yamma.

Rage ruwan nan zai amfani takobin Amazon ma. Ita 'yar Amurka ta Kudu ce, kuma idan ta ƙoshi takan fid da dogon kara mai gaɓoɓi. Karan nan idan ya tsaya a cikin ruwa, kowace gaɓa jaririyar shuka take fitarwa. Idan ya sami fita sama, sai ka ga fararen furanni masu kunne uku-uku da rawaya a tsakiya, kowanne yini ɗaya yake yi ya yanƙwane, gobe na gaba ya buɗe. Mutane da yawa sun yi fure a tankinsu ba su sani ba, domin karan ya bugi murfi ya lanƙwashe ya koma ruwa, ko fitila ta ƙone kansa. Idan ka ga karan ya taso, ka jingina shi a bakin gilashi ya fito waje. Wasu nau'o'inta suna lura da tsawon yini, kamar Echinodorus cordifolius da ke miƙo ganye sama ya yi fure idan haske ya wuce awa 12. Mu a Akara yininmu kusan awa 12 ne duk shekara, bambancin bai wuce rabin awa da 'yan mintoci ba, saboda haka fitila ce kaɗai za ta iya nuna wa shuka cewa tsawon yini ya sauya. Idan taka ta girma sosai amma ta ƙi fid da kara, ka riƙe ta a awa 9 na wata biyu, sannan ka ƙara a hankali zuwa 12.

Fitilar kanta ba sai mai tsada ba. Farar LED mai lamba 6500K ta isa, a rataye ta kamar taƙi ɗaya sama da ruwa don fure ya sami wurin tsayawa. Abin da ya fi ƙarfinta muhimmanci shi ne ta riƙa kunnuwa da mutuwa a lokaci ɗaya kullum, don haka ka sayi ɗan agogon soket mai kunnawa da kashewa. Ka nemi mai batir a ciki, saboda mai juyawa da wuta kaɗai, duk dumso, wato ɗaukewar wuta, sai lissafinsa ya rikice. In wuta ta ɗauke yini guda, shuka ba za ta mutu ba, kuma kada ka rama mata da barin fitila har asuba, gansakuka kawai za ka noma.

Sai abinci. Fure tsada gare shi a wurin shuka, mai yunwa ba ta yinsa. Bado da takobin Amazon da saiwa suke ci, kuma tsakuwar da aka wanke tas babu komai a cikinta. Kashin kifi da ragowar abincinsu suna ba da naitirojin da fosfet daidai gwargwado, amma sinadarin ƙarfe da fotashiyam sukan yi ƙaranci. Idan sabon ganye ya fito fari-fari ko rawaya, ƙarfe ne babu. Idan tsohon ganye ya yi ƙananan huji kamar an soka allura, fotashiyam ne. Mu nan Allah ya hore mana jar ƙasar marmara, wadda masu tanki a Turai suka daɗe suna saye a kwali saboda ƙarfen da ke cikinta. Ka samo mai tsabta daga wurin da ba bola ba, ba kuma gonar da ake feshi ba, ka kwaɓa ta da yumɓu, ka mulmula ƙwallaye kamar girman gurjiya. A tsakiyar kowanne ka sa ƙwaya uku ko huɗu na takin zamani NPK 15-15-15, ka shanya a inuwa su bushe, sannan ka tura biyu can ƙasan tsakuwa kusa da gindin kowace shuka, duk wata biyu ko uku. Ka kiyaye da wannan: takin nan yana da amoniya, idan ya watsu a ruwa kifi ne zai biya. Kada ka barbaɗa shi, kada ka ƙara yawan ƙwayar, kada kuma ka tone wurin bayan ka binne.

Littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi suna ta maganar na'urar ɗumama ruwa. Mu damuwarmu akasin haka ce. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, ɗaki mai rufin kwano a Nima ko Mamobi yana iya kai ruwan tanki digiri 31 ko 32. A wannan zafi shuka tana ƙone abincin da ta tara da sauri, ruwan kuma ba ya riƙe iskar numfashi sosai: lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 8.2 a digiri 25, amma a digiri 30 ta koma wajen 7.5. Na lura furannina sun fi zuwa daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da gari ya yi sanyi ruwan ya sauka 25 zuwa 27. Buɗe murfi da 'yar fanka mai hura saman ruwa suna rage kamar digiri biyu. Kuma idan za ka canja ruwa, kashi ɗaya cikin uku duk mako, ka yi da asuba da ruwan da ya kwana a waje ya huce. Wannan ɗan sanyin da ke shigowa kwatsam kamar saukar ruwan sama ne, kuma sau da yawa bayan irinsa nake ganin kan fure.

Ruwan famfonmu da ke zuwa daga madatsun Weija da Kpong yana da kyau ga waɗannan shukoki, sai dai akwai kulorin a ciki, a bar shi a buɗaɗɗen bokiti yini da kwana kafin a zuba. Na rijiyar burtsatse ka ɗanɗana tukuna, don a wasu unguwannin Akara yana da gishiri-gishiri, kuma bado da Anubias ba sa son haka. Ruwan sama yana da kyau idan ka bar na farko ya wanke kwano ya wuce.

Buɗe murfi yana da nasa haɗari, kuma dole in faɗa maka shi. Maganin sauro na feshi da na hayaƙi guba ne mai tsanani ga kifi, ɗan kaɗan ya isa. Na taɓa rasa kifi goma sha ɗaya a dare guda saboda an fesa ɗaki tankin yana buɗe. Duk daren da za a yi feshi, ka rufe tankin ruf da gilashi da jiƙaƙƙen tawul, ka kashe famfon iska na awa ɗaya ko biyu, sai an buɗe taga warin ya fita ka mayar. Sannan hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu busasshiyar iskar nan tana iya ƙone kan fure kafin ya buɗe, ta kuma zuba ƙura a ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun Nuwamba ka yanko gilashi ko farar leda mai kauri da za ta rufe kashi biyu cikin uku na bakin tankin, laima ta taru a tsakanin ruwa da murfi, iska kuma ta sami wurin shiga. Rage ruwan da ka yi zai hana kifi tsallakowa waje.

Idan kana son ganin fure da wuri yayin da kake jiran waɗannan, ka nemi Aponogeton crispus, ɗan Siri Lanka da kudancin Indiya. Ɗan dunƙule ne kamar ƙaramin dankali, a ɗora shi a kan tsakuwa a ɗan danna, cikin 'yan makonni zai cika wuri da ganye mai lanƙwasa ya miƙo farar zangarniya sama. Bayan ya yi fure yakan zubar da ganye ya huta, kada ka zaci ya mutu ka jefar. Akwai kuma namu na gida, Crinum natans, dangin albasar kwaɗi, mai dogon ganye kamar ɗamara da babban farin fure mai ƙamshi, amma shi yana son tanki mai ƙafa huɗu da ruwa mai gudu, kuma albasarsa rabi a waje ake barinta. Cryptocoryne kuwa kusan ba ya fure sai an fid da shi daga ruwa an dasa a jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin rufaffen bokiti mai haske. Vallisneria kamar gwanda take, akwai mace akwai namiji, kuma yawanci mace ake sayarwa, za ka ga ɗan furenta a kan siririn zare amma ba iri.

Maganar iri, idan ka kai can: a ɗaki babu ƙwarin da za su yi maka barbara, kai za ka yi, kamar yadda masu dabino ke yi da hannu. Ga Aponogeton da takobin Amazon, ka shafa gashin kaza mai laushi a kan furannin da hantsi, daga wannan zuwa wancan. 'Ya'yan Aponogeton za su faɗo su yi yawo a kan ruwa kwana ɗaya ko biyu, sannan su nutse su tsira. Anubias ya fi wuya, domin ɓangaren mace da ke gindin sandan shi ke fara shiryawa, kafin na namiji da ke sama ya saki gari ita ta riga ta rufe. Sai kana da fure biyu da suka buɗe a tsakanin kwana ɗaya ko biyu, dukansu a sarari.

Wani roƙo guda. Idan ka ji cewa waɗannan shukoki na gida ne, kada ka tafi rafi ka tumɓuko. Kakum da Ankasa wurare ne da doka ta kare, kogunan da galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya ɓata irin su Pra da Offin da Ankobra kuwa, lakarsu ba abin sawa a tankin kifi ba ce. Kuma abin da ka rage daga tankinka, musamman masu yawo a sama irin kainuwa, ka shanya su bushe kafin ka zubar. Ana cewa kainuwa dashen Allah, ba ta jiran kowa ya dasa ta, guntu ɗaya a kwata ya ishe ta.

A wannan makon dai, ka duba kaurin Anubias ka fid da shi daga tsakuwa, ka binne wa bado da takobi ƙwallayensu, ka fara rage ruwa, ka ɗaga fitila. Ranar da ka ga kan furen bado ya huda ruwa ya tsaya a sama kamar ƙaramin ƙwai kore, ka shirya kwana biyu ko uku. Da dare yake buɗewa, ya rufe da hantsi, kuma dare uku ko huɗu kawai yake yi kafin karan ya lanƙwasa ya maida shi cikin ruwa inda 'ya'yan za su nuna. Wanda ba ya duba tanki sai ya dawo aiki da la'asar zai iya ganinsa a rufe kullum ya ce ya ƙi buɗewa. Ka duba shi bayan sallar isha'i, ka matso da hancinka kusa, yana da ƙamshi.